Zan Kai Iyalina Hutu Masar, Daga Ina Zan Fara?

Wani bawan Allah daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce shekara uku ke nan yana tara kuɗi don ya kai iyalinsa hutu ƙasar waje, kuma hankalinsa ya kwanta da Masar. Su biyar ne: shi, uwargida, yarinya 'yar shekara 12, yaro ɗan shekara 7, sai auta mai wata 16. Yana so su tafi a dogon hutun Agusta su yi kwana takwas, su ga Alƙahira da Luksor da Sharm el-Sheikh, shi ya ga likitan ido, uwargida kuma ta ɗan saro abayoyi. Shi kaɗai ke da fasfo a gidan. Yana tambaya daga ina zai fara, kuma ko ya sayi tikiti tun yanzu kafin ya ƙara tsada.

Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan niyya. A Alƙahira na yi karatu, daga baya na shafe shekaru ina shirya wa mutane tafiya, kuma na kai nawa iyalin can fiye da sau ɗaya. Don haka zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Kada ka sayi tikiti yanzu. Tsarin nan da ka zayyana kuma na ɗan kasuwa ne mai tafiya shi kaɗai da jaka ɗaya a kafaɗa. Mai goyo ba ta bin irin wannan hanya. Gari uku, asibiti da sarin kaya cikin kwana takwas, idan ka yi shi haka za ka dawo da hotuna masu kyau da mata wadda ba za ta sake yarda ta bi ka ko Zariya ba. Ma'aunin tafiyar iyali shi ne ƙaramin cikinsu da wadda take ɗauke da shi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Fasfo shi ne farko, kuma a nan ake cin lokaci. Kowane rai sai da nasa, har jaririn da aka haifa jiya. Kafin Hukumar Shige da Fice ta yi wa yaro fasfo sai yana da lambar NIN, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da wasiƙar amincewar iyaye. Tun daga Satumbar 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu ɗari ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma dubu ɗari biyu. Yara kuwa fasfon shekara biyar ake ba su. Ke nan mutum huɗu, dubu ɗari huɗu sun fita ba ka ko taka filin jirgi ba. Naka kuma ka buɗe shi yau ka duba ranar ƙarewarsa: ana so ya zama da sauran aƙalla wata shida a kansa daga ranar da za ku shiga ƙasar.

Abin da ya fi wahalar da mutanenmu a wannan mataki shi ne rubutun suna. A takardar haihuwa an rubuta Muhammad, a NIN an rubuta Mohammed, a makaranta Muhammed. Yarinya A'isha ce a nan, Aishatu a can. Mu a wajenmu duk ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Ka shimfiɗa takardun kowa a kan tabarma, ka bi su harafi-harafi, abin da ya saɓa ka je a gyara tun yanzu, don gyaran NIN kaɗai yana iya cin makonni. Idan fasfon ya fito, shi ne alƙali. Yadda aka rubuta suna a cikinsa, haka za a rubuta a tikiti da biza da ajiyar masauki. Na taɓa ganin magidanci a wajen awon kaya, iyalinsa na zaune a kan akwatuna, ana ce masa sunan da ke tikitin ɗansa ba shi ne na fasfo ba, saboda ejan ya sa sunan kakan yaron a gurbin sunan uba. An gyara, amma sai da ya biya, jirgin ranar kuma ya tashi ya bar su.

Daga nan sai katin rigakafin ciwon shawara, wanda ake kira yalo kad. Masar tana neman sa daga duk wanda ya taso daga Najeriya, har yaron da ya wuce wata tara, don haka autanku ma yana ciki. Jami'an lafiya na tashoshin shige da fice ne ke bayar da shi, akwai su a filin jirgin Malam Aminu Kano. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, wannan ne mutane ke mantawa su zo ana saura kwana uku tafiya. Allura ɗaya ta isa har abada, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke sabuntawa bayan shekara goma. Kada ka yarda wani ya ce zai kawo maka kati har gida ba tare da an yi allura ba. Ana duba lambarsa, kuma ba ƙaramin tashin hankali ba ne a tsare mai goyo a ɗakin killacewa a ƙasar da ba ta jin yarensu. Ka haɗa da katin rigakafin yara na asibiti, mai nuna an ɗiga musu na shan inna.

Biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ake nema. Abin da aka saba tambaya shi ne fasfo, hotuna, takardar shige da ficen kuɗin asusunka na watannin baya, wasiƙa daga wurin aikinka ko takardun kasuwancinka, shaidar masauki da ta ajiyar kujerar jirgi. Ka lura da kalmar ajiya. Ejan zai iya riƙe muku kujeru ya buga takarda ba tare da ka biya kuɗin tikiti ba, otal kuma ka zaɓi wanda ake iya sokewa kyauta. Sai biza ta shiga fasfo biyar ɗin nan sannan ka biya. Tikiti mai araha galibi shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa, kuma ƙarin da kake tsoron za a yi ba zai kai asarar tikiti biyar ba idan biza ta yi jinkiri. Wani abu kuma, kada ka ranto kuɗi ka zuba a asusu ana saura mako guda ka kai takardu. Masu dubawa sun fi son asusun da ke motsi yau da gobe a kan wanda ya kumbura dare ɗaya. Ka tafi da takardar aure ma. Matanmu da sunan mahaifinsu suke amsawa, fasfonta ba zai nuna alaƙarta da kai ba, kuma wasu masaukai a Masar sukan tambayi shaidar aure kafin su ba namiji da mace ɗaki ɗaya.

Idan ka lissafa, fasfo da gyaran suna da allura da biza, ka ba su wata huɗu zuwa biyar. Wannan ya kawo mu batun Agusta.

Na san dalilinka, lokacin ne yara ke da dogon hutu. Amma Agusta a Kano damina ce, ana sanyin ruwa, a Masar kuwa tsakiyar bazara ce. Alƙahira takan kai maki 35 da rana, Luksor da Aswan sukan haura 40, kuma wuraren da za ka je gani duwatsu ne da yashi, babu inuwar ko bishiya ɗaya. Kada ka ce ai mu 'yan Kano ne mun saba da zafi. Mun saba da shi a ƙarƙashin rumfa, ba mu saba yawo da yaro a kafaɗa a cikinsa da ƙarfe ɗaya na rana ba. Da ni ne kai, hutun Disamba zan ɗauka. Da rana garin yakan tsaya wajen maki 20, da dare ya sauko kusan 10, kamar tsakiyar hunturunmu amma babu ƙura sosai. Rigunan sanyi da safa da hula sun wadatar. Aibinsa biyu: lokacin ne Turawa ke cika ƙasar, masauki yakan yi tsada musamman ƙarshen wata, sannan ruwan teku ya yi sanyi ga yara. Idan dole sai Agusta, to ku bi yadda Misrawa ke yi. A fita da sassafe, a dawo kafin azahar, a yi barci, a sake fita bayan la'asar. Alƙahira gari ne na dare, ƙarfe goma sha ɗaya za ka ga iyalai da jarirai suna shan iska a bakin Nilu.

Luksor da Sharm el-Sheikh ka ajiye su sai wata shekara. Luksor tana da nisan fiye da kilomita 600 kudu da Alƙahira, ko dai kwana a jirgin ƙasa ko wani tikitin jirgin sama na mutum biyar, Sharm kuma tana can ƙarshen Sina'i. Kowace ƙaura da yara tana cin yini guda cur: haɗa kaya, jiran mota, sabon ɗaki, yaron da ya ƙi barci saboda baƙon gado. Ba a tauna taura biyu, balle uku. Ku sauka wuri ɗaya a Alƙahira ku kwance kaya sau ɗaya. Idan yara sun matsa sai sun ga teku, Iskandariyya tana bakin Bahar Rum, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku ce a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, ga ganuwar Ƙaitbay a bakin ruwa, ga babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. Ain Sukhna ta fi kusa, wajen kilomita 120, a bakin Bahar Maliya. Ɗaya daga ciki, kwana ɗaya ko biyu, ya isa.

Jirgi kuwa, ka nemi wanda zai ɗauke ku daga Kano ya sauke ku Alƙahira kai tsaye. EgyptAir ta daɗe tana wannan hanya, tafiyar ba ta wuce awa biyar ba. Za ka ga masu rahusa da ke bi ta wata ƙasa a jira awa takwas ko goma, wannan rahusar a jikin uwargida za a fanshe ta. Autanku bai kai shekara biyu ba, a cinya zai zauna, kuɗinsa kaɗan ne, galibi wajen kashi goma cikin ɗari na tikitin babba. Ɗan shekara bakwai yana da ragi. 'Yar shekara sha biyu kuwa a wajen kamfanin jirgi babba ce, cikakken kuɗi za ka biya mata. Lokacin tashi da sauka a ba jariri nono ko abin tsotso, haɗiya ce ke buɗe masa kunne. A jakar hannu a sa kayan canji na yaro da na uwarsa, don wanda ya taɓa sauka da rigar da aka yi wa amai ya san dalili.

A filin jirgi ina da gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da maimaita shi. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko na wa ne, sai ka buɗe ka gani da idonka. Bayan an auna kayanku ka ƙirga 'yan takardun da aka manna a bayan tikitinku, su yi daidai da yawan akwatunanku. An sha kama miyagu suna rataya wa jakar ƙwaya sunan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Magunguna kuma a bar su cikin kwalayensu tare da takardar likita. Tiramadol da duk wani mai kodin kada su kusanci akwatinka, Masar tana ɗaure mutane a kansu, baƙi ma ba ta ƙyale su ba.

Batun kuɗi, ba zan ba ka adadi ba don naira da fam ɗin Masar duk ba sa zama wuri ɗaya. A Maris 2024 kaɗai fam ya faɗo daga kusan 31 a dala ɗaya zuwa kusan 50. Abin da zan ba ka shi ne yadda za ka lissafa. Ka rubuta komai da dala: tikiti, biza, masauki, abinci sau uku na mutum biyar, mota, kuɗin shiga wurare, tsaraba. Abin da ya fito ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ka ware shi, ka ɗauka babu shi. Kuɗin likita da jarin abayoyi aljihunsu daban, idan ka haɗa su da na hutu ɗaya zai cinye ɗaya. Kada ka kai naira can, babu mai karɓa. Ka nemi dala ta banki ko wajen 'yan canji na Wapa, sababbin takardu marasa tabo ko yagewa, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a banki ko shagon canji mai lasisi. Canjin bayan fage laifi ne a can. Abin da ya haura dala dubu goma sai an bayyana shi ga kwastan. Sannan lallai ka riƙe katin banki mai aiki a waje, wanda ya fi tabbas shi ne na asusun dala, domin tun 2023 manyan wuraren tarihi suka koma karɓar kuɗin shiga da kati kawai. Ka gwada katin tun kana gida, ka tambayi bankinka iyakar abin da za ka iya kashewa. Katin makarantar yaran ma ka ɗauko, akwai farashin ɗalibai, kusan rabi.

Masauki, ga iyali irin naku gidan haya mai kayan ɗaki ya fi otal. A otal mutum biyar ɗaki biyu za a ce ku kama. Gida mai ɗaki biyu da falo da kicin da injin wanki yakan zo ƙasa da haka, kuma mai jariri ta san darajar wurin dafa ruwan zafi da ƙarfe uku na dare. Madinat Nasr ita ce unguwar da ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu suka fi yawa, tana kusa da filin jirgi, ga manyan kantuna irin su Citystars. Dokki da Zamalek suna tsakiya kusa da kogi, Ma'adi ta fi shiru. Kafin ka biya ka tambayi hawa na nawa ne, kuma ko na'urar hawa bene tana aiki, ka nemi a turo maka bidiyon gidan na ranar. Amma kada kicin ɗin nan ya zama tarko. Idan uwargida za ta yi girki sau uku a Alƙahira kamar yadda take yi a Kano, to wurin aiki kawai ka canza mata. Karin kumallo a gida, sauran a waje ko a yi oda.

Abincinsu ba zai ba ku wahala ba, halal ne ko'ina, kuma za ku ga 'yan gida a ciki. Mulukhiyya da suke ji da ita lalo ce. Karkade zoɓo ne. Ruwan rake ana matse shi a gabanka a kowace kusurwa. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, yara suna son sa kuma yana da araha. Da safe ful da ta'amiyya, wake ne da wani abu mai kama da ƙosai. Abin da za ku rasa shi ne yaji, don haka a ƙullo shi daga gida, a haɗa da garin kunun auta. Ruwa na gora kawai za ku sha. Ganyen da ba a dafa ba da ƙanƙarar bakin titi a bar su, don gudawa ita ce ta fi kwantar da baƙi. A tafi da gishirin haɗa ruwan ORS da zinc da maganin zazzaɓin yara.

Ga wani abu da ba kowa ke tunawa ba. A Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Labari ne mai daɗi, amma ma'anarsa a gare ka ita ce yaronka zai iya ɗauko cutar daga Kano ta tashi a can, inda likita bai saba ganinta ba, kantin magani kuma ba lallai ya ajiye maganinta ba. Ka ga likitanku kafin tafiya ya rubuta muku maganin daidai nauyin kowane yaro, ku riƙe shi da abin gwaji. Idan zazzaɓi ya zo, ka faɗa wa likitan can daga inda kuka taso tun kafin ya tambaya. Inshorar lafiya ta tafiya kuma ka saya, kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kwana ɗaya a asibitin kuɗi.

Yanzu abin da za ku gani. Wuri ɗaya babba a rana, shi ke nan. Ranar farko kada ku je ko'ina, ku yi barci, ku sayi layin waya, ku san kantin unguwa.

Dalar Giza ku je mata da buɗe ƙofa. Yaran da suka ga hoton dalar gyaɗa a littafi za su tsaya baki buɗe: babbar, ta Fir'auna Khufu, ta haura shekara 4,500, kuma tsayinta na asali mita 146 ne. Ban ba ka shawarar shiga cikinta da yara ba, rami ne matsattse da ake hawa a duƙe, ga zafi, ƙarshensa ɗaki ne da babu komai sai akwatin dutse. Masu raƙuma da dawaki kuwa, a nan ake gane ɗan gari. Zuwana na farko da iyali, wani mai raƙumi ya tare mu da fara'a, yana ta kiran 'yata amira, ya ce ta hau kyauta a ɗauki hoto kawai. Raƙumi ya miƙe, yarinya ta ƙanƙame sirdi tana ihu, sai mutumin ya juya yana gyara rawani kamar bai san da mu ba. Hawa kyauta ne, sauka ce ke da farashi. Ni da na yi shekaru a garin, sai da na biya. Ka yi ciniki a ƙasa kafin kowa ya hau: nawa ne, fam ne ko dala, na mutum ɗaya ne ko na duka, minti nawa, har da saukewa. Wanda ya miƙo maka abu ya ce kyauta ne, kada ka karɓa. Ka ce la, shukran, ka ci gaba da tafiya ba tare da ka tsaya ba. Kusa da dalar akwai sabon babban gidan tarihi da aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025, inda aka tara kayan Fir'auna Tutankhamun sama da dubu biyar. Akwai sanyi a ciki, keken jariri yana tafiya sumul, amma shi ma yini guda ne, kada ka haɗa shi da dala a rana ɗaya.

Na san tambayar da yara za su yi, gawar Fir'auna. Tana gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna maza da mata 22 a Afrilun 2021, har da Ramsis na biyu da ɗansa Merneptah, waɗanda aka fi ambata idan ana zancen Fir'aunan Annabi Musa. Masana ba su haɗu a kan wane ne ba, don haka kada ka nuna wa yaro ɗaya ka rantse. Ɗakin yana da duhu da shiru, ba a ɗaukar hoto. Ɗan shekara bakwai ka shirya masa zuciya tun a mota. Daga nan masallacin Amru ɗan Asi yana kusa, wanda aka kafa wajen shekara ta 642, masallaci na farko a Masar.

Ranar Juma'a ku yi ta Azhar. Da safiyar Juma'a ne kaɗai titunan Alƙahira ke numfashi. Masallacin an fara gina shi a 970, kuma ba baƙon wuri ba ne a gare mu: ɗaliban Barno sun daɗe da rumfarsu a cikinsa, Jalaluddin Suyuɗi da ake karanta tafsirinsa a masallatanmu duk azumi mutumin garin nan ne, har wasiƙa ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas. Ka faɗa wa 'yarka wannan a tsakar masallacin, zai zauna mata fiye da yadda zai zauna a aji. Tsallaken titi ga masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. A kasuwar nan ka riƙe hannun yaro gam, ka sa masa takarda a aljihu mai lambar wayarka ta can da adireshin masauki da Larabci. Farashin farko da za a faɗa maka na baƙo ne, ɗan Kwari ba ya buƙatar a koya masa abin da zai yi. Da yamma ku hau lambun Azhar, yara su yi gudu a ciyawa, ku ji kiran sallar magariba yana tashi daga ɗaruruwan hasumiyoyi lokaci guda. Wata yammar kuma ku ɗauki kwalekwale mai filafilai a Nilu na awa ɗaya. Cikin duk abin da na kashe wa kuɗi, wannan da ya fi araha shi yarana suka fi tunawa.

Zirga-zirga ku yi ta da Uber ko makamancinsa, farashi a rubuce, babu musu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da sauri kuma akwai taragun mata zalla, amma lokacin tashi daga aiki ba wurin mai goyo ba ne. Tsallaka titi a garin nan sai da dabara, ku laɓe a gefen ɗan gari ku bi shi. Larabcin makaranta zai yi maka aiki, za su gane ka ko da sun yi murmushi, amma nasu daban ne: jim ɗinsu ga ce, fam gine suke ce masa, ruwa mayya, nawa ne kuma bikam. Ka tanadi ƙananan kuɗi don bakshish, wato ɗan hasafi, mai gadi da mai share banɗaki da mai ɗaukar kaya duk suna sa rai. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ka sayi mahaɗi tun daga gida. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a hunturu, biyu a bazara. Fasfo na asali ya zauna a masauki, ku yawata da kwafi da hotonsa a waya. Lambar 'yan sandan yawon buɗe ido 126 ce, ta motar asibiti 123.

Likitan ido ka nemi ganawa da shi tun kana Kano, ka sa ta a rana ta biyu ko ta uku, don idan ya ce ka dawo a samu lokaci. Za a iya ɗiga maka maganin da zai sa ka yini kana gani dishi-dishi, ranar ba ta yawo ba ce. Idan har ya ce aiki za a yi, kada ka cusa shi cikin hutun yara, ka dawo masa daban. Sarin uwargida kuma ka ba ta yini guda nata ita kaɗai, a samu ɗaliba 'yar gida ta raka ta kasuwannin Ataba da Muski, kai ka zauna da yaran uku, har da auta. A auna kayan da ta saro a masauki da ɗan sikelin hannu kafin ranar komawa, domin kuɗin ƙarin nauyi a filin jirgi yana iya cinye ribar gaba ɗaya, kuma ranar ku bar gida awa huɗu kafin tashi, cunkoson hanyar filin jirgi ba ya sanarwa.